Kwalaben Matan Simsim

Lahadi, 9 ga Yuli 2017, bayan la'asar

Jami'an tsaro sun liƙa jan kaki a ƙofar ɗakin gwajina. Ɗaya daga cikinsu har da ce mini "ma'alesh ya Duktora", wato in yi haƙuri, sai ka ce ƙafata ya taka a kasuwa. Shugaban cibiyarmu bai fito daga ofis ba, amma na ga labulen tagarsa yana motsi.

Sami bai koma gida ba tun ranar Alhamis. Shi ne abokin aikina, shi ke kula da na'urori tun ranar da aka buɗe ɗakin. Wata kalma ya faɗa a taron ma'aikatan lafiya, kalmar da duk Gadarif an sani, an kuma san ba a faɗarta. Ni ma ba zan rubuta ta ba. Sunan ciwon da ya shigo mana ne, a rediyo sunanta gudawar ruwa.

Sun kulle na'urori da takardu da babbar firjin da na yi shekaru ina roƙo kafin a sayo. Kwalabena ba sa ciki. Ba zan rubuta yadda suka fita ba. Suna cikin tallajar yayana Ya'u, firjin ƙanƙararsa, a zauren gidan nan.

Tunda ba wanda zan yi wa bayani, bari in yi wa takarda. Shekara shida ina bin matan garinmu na Simsim, rani da damina, ina karɓar ɗan bayan gidansu a 'yar kwalba ina daskararwa. A hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, wasu na tsaronsa, wasu na jiran ya yi rauni. Matanmu tun kaka da kakanni suna jiƙa bagaruwa su sha in ciki ya ɓaci. So nake in gane abin da ke cikin bagaruwar, da abin da yake yi wa halittun nan. 'Yan ajinmu suna Saudiyya suna fiɗar zuciya, ni kuwa aikin rayuwata kashin mata ne da 'ya'yan bagaruwa, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba. In kwalaben suka narke, aikin ya tafi. Ba a komawa bara a ce wa mace ta sake.

Litinin, 10 ga Yuli, da hantsi

Yaya ƙanƙara da karkade, wato zoɓo, yake sayarwa a kasuwa. Tallaja biyu gare shi, ya kwashe ɗaya ya ba ni bai tambayi komai ba. Matarsa Sharifa ce ta tambaya.

"Duktora, yanzu najasa za mu ajiye a gidan da ake salla?"

Na ce mata kowace kwalba a rufe take cikin leda, ledar cikin akwati, akwatin cikin ƙanƙara. Na ƙara da cewa ita ma da irinta take yawo a ciki, ba wanda ya hana ta salla. Bai kamata in faɗi na ƙarshen ba. Ta ɗauke tabarmarta daga zauren, ta daina bi ta wajen.

Sanyin tallajar bai kai rabin na firjin cibiya ba. Za su jure 'yan makonni in wuta ta zauna.

Litinin, bayan azahar

An ɗauke wuta.

Litinin, magariba

Ta dawo. Ban buɗe murfin ba, na dai ɗora kunne a jikinta ina jin gurnanin injin.

Laraba, 12 ga Yuli, la'asar sakaliya

Na je ofishin tsaro, inda aka ce in je. Benci ne a wani lungu, da fanka da ba ta juyawa. Tun safe har la'asar ba wanda ya tambaye ni ko sunana. Daga ƙarshe wani ya leƙo ya ce in dawo gobe. Duk zaman nan ba kaina nake tunani ba, fankar nake kallo ina cewa ko lalacewa ta yi, ko a unguwarmu ma an ɗauke.

Alhamis, 13 ga Yuli, la'asar

Benci. An ce in riƙa zuwa kowace Lahadi, kada kuma in bar wilayar Gadarif, jiharmu.

Asabar, 15 ga Yuli, da safe

Na kira Iman a Khartum. Tare muka yi karatu, ita ke da na'urar da za ta karanta abin da ke cikin kwalaben. Dama shirina in kai su da kaina bayan damina. A waya ba mu kira su da suna ba. Na ce mata kayan miyar da na tara suna neman lalacewa, ni kuma ba ni da ƙafa. Ta ce za ta nemi mota da busasshiyar ƙanƙara, in ba ta lokaci.

Kafin ta ajiye ta faɗi abin da nake gudun tunawa. Da ciwon nan da ya shiga, kwalabena sun fi kowane lokaci daraja. Ina da cikin matan nan tun suna lafiya. Za a iya ganin wa ya kwanta, wa ya tsira, me ya bambanta su. Na ji daɗin maganar, sai kuma na ji ƙyamar kaina da na ji daɗin.

Lahadi, 16 ga Yuli, bayan isha'i

Benci. An ɗauke wuta tun azahar. Yaya ya aro injin maƙwabcinmu mai walda, ya yi ta yawon neman gas. Ya shigo rigarsa duk baƙin mai yana cewa, "Ummu, ko Baba da yake jinya ban yi masa wannan hidimar ba." Na yi dariya. Rabon da in yi har na manta.

Talata, 18 ga Yuli, da hantsi

Salwa matar Sami ta zo da jaririnta a kafaɗa. Ta kai masa tufafi ofishin tsaro, an karɓa, ba a ce yana nan ba, ba a ce ba ya nan ba. Ta tambaye ni me ya yi. Na ce gaskiya ya faɗa. Ta ce, "To ke me ya hana ki faɗa?" Ba da faɗa ta yi tambayar ba, so take ta sani. Na zuba mata jabana, gahawarmu, ba ta sha ba.

Laraba, 19 ga Yuli

Ruwa tun asuba. An ɗauke, an dawo, an ɗauke.

Juma'a, 21 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Mairama ta rasu a Simsim. Jiya da safe ta fita noman ciyawa a gonar riɗi, kafin rana ta faɗi an yi mata sutura.

Ita ce mace ta farko da ta karɓi kwalba daga hannuna, lokacin da sauran suke rufe fuska da mayafi suna dariya. Ta ce, "Kawo nan, 'yar Haladu, abin da nake zubarwa kyauta ne yau ya samu mai so." Bayanta kowa ya biyo.

Na shiga zaure na zauna kusa da tallajar. Mairama tana ciki, damina shida da rani shida. Na yi kuka, kuma ban san ko ita nake yi wa ko kwalaben ba. Wannan rashin sanin ya fi kukan ciwo.

Lahadi, 23 ga Yuli, la'asar

Benci. Yau an tambaye ni abu ɗaya: ina sauran kayan ɗakin gwaji? Na ce abin da suka kulle shi ne.

Talata, 25 ga Yuli, bayan magariba

Gwaggo Atine ta zo. Yayar Baba ce, ita ke karɓar haihuwa a Simsim tun kafin a haife ni. A bayan tarakta ta taho, don mota ba ta iya wannan laka, zanenta ya yi baƙi har gwiwa. Ta ƙi zama a kujera. Ta sha ruwa, ta yi gaisuwa ta tambayi kowa har awakin Sharifa, sannan ta dube ni.

"'Yar Haladu, na zo karɓar amanarmu."

Na gane, amma na yi kamar ban gane ba.

Dole in rubuta wannan yadda yake. A garinmu abin da ya fita daga jikin mutum ba a barinsa a hannun baƙo. Cibiyar jariri, gashin da aka tsefe, farcen da aka yanke, mai abu ke binnewa inda ba wanda ya sani, don kada wani ya yi masa aiki da shi. Da na fara bincike ba macen da ta yarda. Gwaggo ce ta tara su a tsakar gidanta, ta ce wannan 'yar Haladu ce, jininmu ce. Ni kuma na yi alkawari gabansu: hannun baƙo ba zai riƙe ba, in na gama zan dawo musu da saura su binne. Sami ma sai da ya ci kisra, gurasarmu ta dawa, a gidan Gwaggo sau ba adadi kafin a daina kiransa baƙo.

"Labari ya iso mana," in ji Gwaggo. "An ce mutanen farar mota sun shiga wurin aikinki sun kwashe kaya, sun tafi da yaron nan. Ba a yi mako ba mata suka fara faɗuwa. Mairama ce ta fara ba ki, ita ce ta fara tafiya. Me kike so su ce?"

Na ce Gwaggo ruwa ne, ruwan hafiri, tafkin da ake sha, shi ya gurɓace.

"Ruwan nan muke sha tun ba a yi auren uwarki ba. Sai bana?"

Na yi bayani. Na yi irin wanda nake yi wa ɗalibai, na yi irin na yara. Na ce maza ma suna mutuwa, su kuwa ban karɓi komai nasu ba. Ta ce namijin da ya mutu ai daga tukunyar matarsa ya ci. Na ja ta zaure na buɗe murfin, abin da ban yi ba tun da aka kawo su. Ta leƙa, hayaƙin sanyi ya bugi fuskarta, ta daɗe tana kallo.

"Ni na gani. Su ba su gani ba. Ni ban ce ke kika yi mana komai ba, wallahi ko a mafarki. Amma an kafa tantin likitoci a bakin gari, ba mai zuwa. Sun ce masu farar riga su suka karɓi namu suka ba wa baƙi. In yaro ya fara zawo ɓoye shi ake a ɗaka. Kalas, shi ke nan, ki kawo a binne, hankali ya kwanta."

Laraba, 26 ga Yuli, da hantsi

Na roƙe ta. Na ce ta ba ni wata ɗaya. Na ce ta ɗauki hoto a waya ta nuna musu. Ta ce hoto ba a binne shi.

Yaya ya ja ni gefe, ya ce in samo wasu kwalabe in ɗura musu laka, wa zai buɗe ya shinshina? Na yi tunanin haka tun kafin ya faɗa. Na kuma yi tunanin in kankari kaɗan daga kowace in ɓoye. Gwaggo tana salla a lokacin, amma tsohuwar nan bango ma kunnenta ne. Da ta sallame ta ce, ba ta ko dube mu ba, "In kin kawo, za ki dafa Alƙur'ani gaban mata ki ce babu saura. Haka suka ce."

Alhamis, 27 ga Yuli

Ta koma. Ba ta yi fushi ba. Da ma ta yi.

Asabar, 29 ga Yuli, da safe

Iman ta kira. Ta samu mota da direban da ta amince da shi. Zai iso Alhamis da safe, ya ɗauka ya juya. Na ce Allah Ya saka da alheri.

Direba. Ban san ko sunansa ba.

Asabar, bayan azahar

Ina ta yi wa kaina lissafi irin na masu ilimi. In aikin ya fita, wataƙila nan da shekara goma ya taimaki mutanen da ban sani ba. Wataƙila. Ko kuma a buga shi a wata mujalla da mutum bakwai za su karanta. A ɗaya gefen ga yaran da ake ɓoyewa a ɗaka yau ɗin nan. Na san amsar. Ina jin haushinsu duk da haka. Ina jin haushin Gwaggo, da Mairama da ta mutu ta farko, da Sami da bai riƙe bakinsa ba, da ni da na riƙe nawa. Allah Ya yafe mini.

Lahadi, 30 ga Yuli

Benci. Wuta ta zauna yini guda cur. Yau da ba na so in gode mata.

Litinin, 31 ga Yuli, la'asar

Ƙaramar 'yar Mairama ma ta rasu. A ɗaka, ƙarƙashin gado kakarta ta shimfiɗa mata. Daga ƙofar gidansu ana hango tantin.

Talata, 1 ga Agusta, bayan magariba

Na goge saman tallajar da tsumma. Ba ta yi datti ba. Sharifa ta shigo zauren, karo na farko, ta ajiye mini shayi a kan murfin ta fita.

Laraba, 2 ga Agusta, bayan asuba

Ni na zare wayar tallajar daga bango. Ban bar Yaya ya yi ba.

Juma'a, 4 ga Agusta, Simsim, da hantsi

Shekaranjiya lori ya kawo mu rabin hanya ya kafe, tarakta ta ƙarasa da mu. Akwatunan na kan cinyata da gefen ƙafata. Tun kafin azahar ruwa ya fara ɗiga daga ƙasansu yana jiƙa mini tobe, mayafin da na yafa. Ba amfanin ƙanƙara ga abin da za a binne, amma na sa musu, hannuna ne ya saba.

Jiya da safe aka taru a bayan gidan Gwaggo, mata zalla. An haƙa rami mai zurfi nesa da hafiri, wannan kaɗai na ce sai an yi yadda na ce. Aka kawo Alƙur'anin Baba na dafa. Na ce babu saura, ba a hannuna, ba a hannun kowa. Muryata ba ta yi rawa ba, na yi mamaki.

Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ɗebi nata rabon ta saka da hannunta. Na Mairama uwarta ce ta saka. Wasu suna dariyar kunya irin ta ranar farko. Wata ta ɗaga kwalba tana duba ta a rana ta ce, "Ashe ɗan wannan ne." Aka zuba toka, aka mayar da ƙasa, aka tattake. Ba a daɗe ba aka gama. A daidai lokacin wayata tana ta ruri a jaka. Na san direba ne a ƙofar gidan Yaya.

Da aka watse Gwaggo ta kama hannuna biyu ta yi ta sa mini albarka, ta ce na haifu, ta ce Haladu zai kwanta daidai a kabarinsa. Sannan ta ce, "To yanzu da hankali ya kwanta, sai ki zauna ki ƙarasa aikinki. Maganin nan na bagaruwa yaushe zai fito? Kin ga muna bukata."

Na ce sai yadda Allah Ya yi, Gwaggo.

Asabar, 5 ga Agusta, Simsim, la'asar

An fara kai marasa lafiya tanti. Na tsaya ina taya su haɗa ruwan gishiri da sukari. Wasu gidajen kuma sun ce tunda an binne, ciwon zai tafi da kansa, ba sai an je ba. Na bi gida gida har muryata ta dushe.

Ya kamata in ji wani sauƙi. Na duba, ban samu ba.

Talata, 8 ga Agusta, Gadarif

Iman ta kira, ta sake kira. Ban ɗauka ba.

Laraba, 9 ga Agusta, da hantsi

Na wanke tallajar da maganin kashe ƙwayoyi, na ɗauraye, na sake wankewa, na bar ta a buɗe ta sha iska. Yaya ya mayar da kayansa. An ɗauke wuta da rana, sai da Sharifa ta faɗa na lura.

Alhamis, 10 ga Agusta

Ba abin rubutawa. Na tashi, na yi salla, na zauna.

Asabar, 12 ga Agusta, bayan la'asar

An saki Sami. Salwa ce ta aiko, na je.

Yana zaune a kan angarib, gadon igiya, a tsakar gida, jallabiyarsa ta yi masa yawa. An aske masa kai. Da ya ɗauki kofin shayi sai da ya haɗa da ɗaya hannun. Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai ba da labari ba. Muka yi maganar ruwan bana, da jaririn da ya fara rarrafe ba ya nan.

Da Salwa ta shiga ɗaki ya matso ya rage murya.

"Kullum sai sun tambaye ni ina sauran suke, ya Duktora. Kullum. Na ce ban sani ba." Ya yi murmushi, na ga haƙorinsa ɗaya na gaba babu. "In abin ya yi tsanani sai in rufe ido in riƙa tuna su a jere cikin sanyi. In ce ai suna nan, ai Duktora tana tsaye a kansu."

Na kalli kofina.

"Tallajar Ya'u ta riƙe? Tana aiki?"

Na ce tana aiki.

Ya ce alhamdu lillahi, ya jingina da bango ya lumshe ido. Na zauna har ya yi barci, sannan na taho gida. Tana aiki. Cike take da ƙanƙara da karkade.